Hikayoyin Girkawa da Rumawa a Hannun Marubutan Zamani: Tambayoyi da Amsoshi kan Sabunta Labari da Neman Sanin Kai

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban adabi, masu karatun ƙagaggun labarai da masu sha'awar gwada rubutu suke yawan maimaitawa. An sa musu lamba don wata amsa ta iya tura mai karatu ga wata. Sunayen marubuta da na littattafai an bar su yadda suke a bangon littafi saboda sauƙin nema, na taurarin cikin labari kuwa an rubuta su yadda baki ke furta su.

1. Mene ne sabunta hikaya, kuma me ya raba shi da fassara?

Mai fassara ɗan aike ne, abin da tsohon mawaƙi ya faɗa shi zai isar, ba ragi ba ƙari. Mai sabuntawa kuwa ƙashin labarin yake ɗauka, wato wa ya haifi wa, wa ya kashe wa, ina aka je aka dawo, sannan ya sauya wani abu babba da gangan: ko mai ba da labarin, ko wuri da zamani, ko dalilin da ya sa mutanen suka aikata abin da suka aikata. Abin da zai fito sabon littafi ne mai cin gashin kansa, amma yana ja-in-ja da tsohon tun daga shafin farko.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Ulysses na James Joyce, wanda ya fito a 1922. Tafiyar shekara 10 da Odisiyus ya yi a teku kafin ya koma gida, Joyce ya matse ta cikin yini guda, 16 ga Yuni 1904, a birnin Dublin. Jarumin nasa, Leopold Bloom, mai nema wa jarida talla ne. Dodo mai ido ɗaya ya koma wani mai zafin kishin ƙasa da ke zaune a mashaya yana tsare Bloom da tambayar wace ce ƙasarsa, don mahaifinsa Bayahude ne daga Hungary. Babu takobi, babu alloli, amma tambayar ita ce ta dā: kai wane ne, daga ina?

2. Daga waɗanne tsofaffin littattafai ake ɗebo labaran?

Rijiyoyin ba su da yawa. Akwai waƙoƙi biyu da ake jingina wa Homer, Iliad kan yaƙin Tiroyi da Odyssey kan komawar Odisiyus gida, kowacce kashi 24. Akwai wasannin kwaikwayon da aka yi a Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), musamman na Sophocles da Euripides, inda Odifus, Antigoni da Midiya suka yi suna. Daga Rumawa akwai Aeneid na Virgil mai kashi 12, da Metamorphoses na Ovid mai kashi 15, wanda aka kammala wajen shekara ta 8 miladiyya. Littafin Ovid kusan duka labaran rikiɗa ne, mutum ya koma itace ko tsuntsu ko ƙorama, shi ya sa masu rubutu kan sanin kai ba sa rabuwa da shi: idan jiki ya sauya, me ya rage na mai jikin?

3. Wannan ba ɓata labarin asali ba ne?

Sai an nuna asalin tukuna. Hikayoyin nan ba su da nassi guda da aka killace, kowane gari da nasa ƙaulin, kowane mawaƙi da yadda ya juya. A wurin Homer, Odifus ya ci gaba da sarautar Tebis bayan asirinsa na kashe ubansa da auren uwarsa ya tonu. A wurin Sophocles ya tsokale idanunsa ya nemi a kore shi. Euripides da kansa ya kawo Helen, matar da aka yi yaƙin saboda ita, a Tiroyi ana ɗora mata laifin yaƙi a wasansa na shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan shekara 3 ya rubuta wani wasan da ya ce Helen ba ta taɓa taka Tiroyi ba, tana Masar, siffarta kawai aka yi shekara 10 ana yaƙi a kai.

Haka Midiya. An fi saninta da uwar da ta yanka 'ya'yanta don ta ƙuntata wa mijinta, amma akwai tsohon ƙaulin da ya ce mutanen Korinti ne suka kashe yaran. Christa Wolf ta koma ga wannan ƙaulin a littafinta na 1996, ta mai da labarin na baƙuwar da gari ya yi wa ƙazafi don ya rufe nasa laifin. Medusa ma a tsofaffin waƙoƙi dodanniya ce tun haihuwa; Ovid ne ya yaɗa cewa kyakkyawar budurwa ce da aka yi wa fyaɗe a ɗakin bauta, sannan aka hukunta ita. Saboda haka mai sabuntawa na yau sana'ar magabatansa yake ci gaba da ita. Inda ake ɓatawa daban ne, an kawo shi a amsa ta 11.

4. Me ya haɗa waɗannan hikayoyi da tambayar "ni wane ne"?

A duba Odisiyus. A kashi na 9 ya shiga hannun dodo mai ido ɗaya, ya ce masa sunansa Ba-Kowa. Da ya tsiyaye masa ido, dodon ya yi kururuwa, maƙwabta suka taru suna tambayar wa ke cutar sa, ya ce Ba-Kowa, suka watse. Ɓoye suna ya cece shi. Amma da jirgi ya ɗaga, zuciya ta ci shi, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsu, dodon kuwa ya kai ƙara wurin ubansa, allan teku, wahala ta biyo baya. Da ya isa gida bayan shekara 20 cikin tsumman mabaraci, faɗar baki ba ta isa ba, kowa sai da shaida. Tsohuwar da ta rene shi ta gane shi da tabon haƙorin aladen daji a cinyarsa, tana cikin wanke masa ƙafa. Matarsa Fenelofi ta gwada shi da gado: ta ce a fitar masa da shi waje, shi kuwa ya fusata, don shi ya sassaƙa gadon a jikin kututturen zaitun mai saiwa a ƙasa, ba ya ɗaguwa. Tsohon ubansa kuma sai da ya lissafa masa itatuwan da ya ba shi yana yaro, ciki har da ɓaure 40 da tuffa 10.

Odifus akasin haka ne. Shi ne mai basirar da ya warware ka-cici-ka-cicin da ya gagari gari, amma bai san iyayensa ba. Wani mashayi ya goranta masa a wurin biki cewa ba ɗan gidan ba ne, ya je gidan tsafi na Delfi, aka ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa, ya gudu daga waɗanda yake zaton su ne iyayensa, ya faɗa kan na gaskiyar. Wasan Sophocles bincike ne wanda mai binciken shi ne mai laifin. Narsisus kuma, a kashi na 3 na Ovid, tun yana jariri makahon boka Tiresiyas ya ce zai yi tsawon rai muddin bai san kansa ba. Yana shekara 16 ya ga fuskarsa a ruwa, ya kamu da son ta, ya rame har ya mutu. A gefensa akwai Eko, wadda aka hukunta da kasa fara magana, sai dai ta maimaita ƙarshen ta wani.

Abin lura shi ne, a tsofaffin labaran nan mutum daga waje ake tabbatar da shi: suna, uba, gari, tabo, kabari. Marubutan zamani sukan kama ɗaya daga cikin waɗannan su tambayi wa ke da ikon ba da shi, wa ke da ikon ƙwace shi. Wasu sun mai da tambayar cikin zuciya, musamman bayan Sigmund Freud ya ari sunayen Odifus da Narsisus a nazarin halayyar ɗan Adam a farkon ƙarni na 20. Wasu kuma, kuma a ganinmu su ne suka fi ƙarfi, sun bar ta a waje: a bakin iyaka, a kurkuku, a ofishin da ke ba da fasfo (dubi amsa ta 6 da ta 7).

5. Me ya sa a yawancin sababbin littattafan mace ce ke ba da labari?

Saboda a nan giɓin ya fi faɗi. Tun a kashi na 1 na Odyssey, ɗan Fenelofi ya umarce ta ta koma ɗaki wurin masaƙarta, magana ta maza ce. A Iliad, Biriseyis, baiwar da rigimar Akilis da Agamemnon ta tashi a kanta, sau ɗaya aka bar ta ta yi magana, a kashi na 19, tana kukan mutuwar wani. Labiniya, wadda aka yi yaƙin rabin ƙarshe na Aeneid saboda aurenta, ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Pat Barker ta ba Biriseyis baki a The Silence of the Girls (2018), Ursula Le Guin ta ba Labiniya a Lavinia (2008), inda yarinyar ta san cewa ƙirƙirar mawaƙi ce ita, har suna hira da inuwarsa.

The Penelopiad na Margaret Atwood (2005) ya fi su wayo a zubi. A kashi na 22 na Odyssey an rataye kuyangi 12 a kan igiya ɗaya bisa zargin sun kwana da masu neman auren uwar gidansu, labari ya wuce kamar ba a yi komai ba. Atwood ta sa Fenelofi tana ba da labarinta daga lahira, tana wanke kanta, sai kuyangin su riƙa katse ta a matsayin 'yan amshi, wani lokaci da waƙar wasan yara, wani lokaci da zaman kotu. Mai karatu ya rasa wa zai gaskata. Wato ba a tsaya ga cewa an danne mace ba, an nuna cewa ita ma uwar gida tana da waɗanda ta danne.

Kasuwa ma ta taimaka. Bayan karɓuwar Circe na Madeline Miller (2018), labarin matsafiyar da Odisiyus ya sauka a tsibirinta, kamfanonin ɗab'i sun yi ta fitar da irinsa, kuma da yawa cikinsu zubi ɗaya ne: yarinya mai hankali, maza azzalumai, ƙarshe ta gano ƙimar kanta. Mai neman abin nazari zai fi ƙaruwa da Kassandra na Christa Wolf (1983), labarin 'yar sarkin Tiroyi mai hango abin da zai faru, wanda aka rubuta a Jamus ta Gabas, inda Tiroyi ke komawa garin 'yan leƙen asiri tun kafin abokan gaba su shigo.

6. Marubucin Afirka da ya ɗauki labarin Girkawa, ba bin Turawa yake yi ba?

Tuhumar tana da tushe, don ta makarantun mulkin mallaka littattafan suka shigo. Amma a duba abin da aka yi da su. Ola Rotimi ya fara nuna The Gods Are Not to Blame a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasar Najeriya. Odifus ya zama Odewale, Tebis ta zama Kutuje. Babban sauyin yana wurin kisan uba. A wasan Sophocles rigimar ba da hanya ce a mararraba. A na Rotimi rigimar gona ce, kuma Odewale ya daure wa komai har sai da dattijon ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a, sannan ya kashe shi. Ƙabilar da ya yi kisa don kare mutuncinta ba tasa ba ce, wanda ya kashe kuwa shi ne jininsa. Sauyi ɗaya ne tak, amma ya mai da wasan ƙaddara ya zama wasan ƙabilanci.

Derek Walcott na tsibirin Saint Lucia ya bi ta wata hanyar a doguwar waƙarsa Omeros (1990). Akilis da Hekta masunta ne, jikokin bayi, da aka laƙaba wa sunayen jaruman Iliad da ba su san ma'anarsu ba. Cikin zafin rana a teku, ɗayansu ya ga kansa ya koma Afirka, ya haɗu da wani magabacinsa mai suna Afolabe, wanda ya tambaye shi ma'anar sunan da yake amsawa, ya kasa ba da amsa. Wani masuncin yana fama da gyambon da tsatsar ƙarfen jirgi ta yi masa, shi kuwa ya yi imani sarƙar kakanninsa ce ta bar masa shi. Tabon da ya mai da Odisiyus gida (amsa ta 4) a nan ya zama shaidar rabuwa da gida.

Wole Soyinka ya sabunta Bacchae na Euripides a 1973, ya ƙara bayi da shugabansu cikin 'yan amshi, ya kuma kalli Diyonisus, abin bautar Girkawa da wasan ya ginu a kansa, ta fuskar Ogun, abin bautar Yarabawa. A Ghana, Efua Sutherland ta gina Edufa a kan labarin matar da ta yarda ta mutu a madadin mijinta, ta mai da mijin ɗan boko mai raina tsafi a fili, mai neman laya a ɓoye.

7. Me ya sa Antigoni ta fi kowa dawowa?

Don labarinta gajere ne kuma kowace gwamnati tana iya tsintar kanta a ciki. 'Yan'uwa biyu sun kashe juna kan sarauta, sabon sarki Kiriyon ya ce a binne ɗaya da girmamawa, ɗayan a bar wa karnuka don maci amana ne. 'Yar'uwarsu ta ƙi, ta watsa wa gawar ƙasa, aka rufe ta da rai a kogo. Tambayar ita ce: mutum na danginsa ne ko na hukuma, kuma wa zai yanke ko gawa 'yar gari ce?

Jean Anouilh ya nuna tasa a Paris a 1944, Jamusawa na riƙe da birnin, ya kuma ba Kiriyon hujjoji masu nauyi har kowane ɓangare ya iya jin da shi ake. A The Island (1973) na Athol Fugard, John Kani da Winston Ntshona, fursunoni biyu ne a kurkukun tsibiri na zamanin wariyar launin fata suke shirya wasan don nuna wa 'yan'uwansu. Wanda zai fito a Antigoni yana da ɗaurin rai da rai, ya ƙi sa gashin ƙarya da sarƙar wuyan da aka haɗa da ƙusoshi don kada a yi masa dariya. Da ya sa, ya tsaya gaban masu gadi, sai ya zama kansa yake karewa. Femi Osofisan a Tegonni ya kai labarin ƙasar Yarabawa a farkon mulkin Ingila, ya kuma shigo da Antigoni kanta dandamali tana kallon mai maimaita tarihinta.

Home Fire na Kamila Shamsie (2017) shi ne ya fi kusa da labaran da ake ji a rediyo. Iyali ne Musulmi 'yan asalin Pakistan a Landan. Saurayin gidan ya shiga ƙungiyar IS, ya yi nadama, aka kashe shi a Istanbul yana neman hanyar komawa. Ministan cikin gida, wanda shi ma daga gidan Musulmi ya fito, ya hana a kawo gawar Ingila, aka tura ta Karachi. Tagwaiyarsa ta zauna da gawar a wani lambu, ana jera mata ƙanƙara, kyamarori na ɗauka. Hana kabari ya zama soke shaidar zama ɗan ƙasa.

8. Labaran cike suke da alloli da bokaye. Yaya marubuci Musulmi yake yi da su?

Marubutan Larabawa sun riga sun yi wannan gwagwarmaya. A 1949 Tawfiq al-Hakim na Masar ya fitar da Al-Malik Udib, wato Sarki Odifus. Bai yarda da abin bautar da zai ɗana wa bawa tarko tun kafin a haife shi ba, sai ya mai da duban ƙarya: Tiresiyas ne ya ƙirƙire shi don ya raba gidan sarauta da magaji. Abin mamakin shi ne ƙaryar ta tabbata, makircin ɗan Adam ya faɗa cikin wani hukuncin da ya fi ƙarfinsa. A shekarar dai Ali Ahmad Bakathir ya rubuta nasa, shi ma ya ɗora makircin a kan masu tsaron gidan tsafi.

Hanyoyin da aka saba bi uku ne. Ko a cire alloli gaba ɗaya a ba aikinsu ga wani abu na duniya, kamar hukuma, jarida, cuta ko talauci, yadda Joyce da Shamsie suka yi. Ko a bar su a matsayin abin da mutanen cikin labarin suka yi imani da shi, ba tare da marubuci ya nuna su a fili ba. Ko a mai da su taurari kamar kowa, masu kishi da son kai, wanda kusan haka Ovid ya ɗauke su. Kowace aka zaɓa, sai an cike gurbin da aka bari. Idan an cire duba daga labarin Odifus ba a sa komai a madadinsa ba, babu dalilin da zai sa uba ya yar da jaririnsa, labari ya rushe tun daga tushe.

9. Sai na karanta tsohon kafin in fahimci sabon?

Littafi mai kyau yana tsayawa da ƙafarsa, amma rabin daɗin yana wurin ganin abin da aka sauya. Ba sai an karanta komai ba. Don Atwood da Miller, kashi na 1, 9, 10, 19, 22 da 23 na Odyssey sun wadatar. Wasannin Odifus da Antigoni kowanne ana gama shi a zama ɗaya. Labarin Narsisus bai wuce 'yan shafuka ba. Ɗalibin da zai yi nazarin kwatance ya raba takarda gida uku: abin da aka riƙe, abin da aka sauya, abin da aka ƙaro. Jigon sabon littafin kusan kullum yana gida na biyu, kamar yadda misalin Rotimi ya nuna a amsa ta 6.

10. Ina so in rubuta nawa. Ta ina zan fara?

Fara da karanta tushen a fassara biyu mabambanta, don abin da ka ɗauka maganar Homer ce sau da yawa zaɓin mai fassara ne. Kuyangin nan 12, alal misali, wasu fassarorin sun kira su da kalmar zagi, Emily Wilson a fassararta ta 2017 ta nuna su a matsayin bayi. Sannan ka rubuta jerin aukuwar labarin a shafi ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin abubuwa 5 ko 6 da in an cire su labarin ya tashi daga sunansa. A Antigoni: gawa, dokar hana binnewa, dangantakar jini tsakanin mai doka da mai karya ta, hukunci, da asarar da ta koma kan mai dokar. Waɗannan ba a taɓa su. Sauran duk naka ne.

Bayan haka nemi giɓi: wanda yana wurin amma bai yi magana ba, ko shekarun da aka tsallake da jimla ɗaya, ko aikin da ba a faɗi dalilinsa ba. Makiyayin da aka ba jariri Odifus ya yar, ya ji tausayi ya miƙa wa wani, ya yi shekaru yana riƙe da sirrin, misali ne na giɓin da ke jiran mai shiga. Ka yanke sauyi babba guda ɗaya, ka bi duk abin da zai haifar. In ka kawo labarin zamanin waya da gwajin jini, dole ka amsa me ya hana a gano gaskiya da wuri. Ka kuma tanadi shaidar ganewa, wato abin da zai tsaya a gurbin tabo ko gado: tsagar fuska, karin harshe, tsohon hoto, sunan da kaka kaɗai ke kira.

Kafin ka shiga dogon rubutu, rubuta fitowa ɗaya, wadda ake gane jarumin ko ake ƙin gane shi, ka ba wanda bai taɓa jin tsohon labarin ba. In ya tambaye ka me ya faru bayan nan, ka ci gaba. In sai ka yi masa bayanin Girkawa kafin ya damu, da sauran aiki.

11. Waɗanne kurakurai ne suka fi kashe irin wannan rubutu?

Na farko sauya riga kawai: a mai da Odifus Audu, Tebis ta koma wani ƙauye, komai ya tafi yadda yake. Mai karatun da ya san labarin ba shi da abin jira, wanda bai sani ba kuma zai ga mutane suna aikata abin da ba shi da dalili a wurinsu. Na biyu wanke jarumi tas. Ana ɗauko wadda aka yi wa ƙazafi a mai da ita marar aibi, a mai da kowa mugu, alhali ƙarfin tsohon labarin yana wurin cewa kowane ɓangare yana da hujja. Kiriyon da ba shi da hujja ba abokin jayayya ba ne, kuma Antigonin da ba ta da taurin kai ba ta kai a rubuta ta ba.

Sai cusa tunanin yau a bakin mutanen dā, baiwar zamanin Tiroyi tana magana kamar mai gabatar da ƙasida a taron bita. Ana iya nuna zalunci ta abin da idonta ya gani, kamar wanke jinin ɗan'uwanta daga rigar wanda ya kashe shi, ba sai ta yi huɗuba ba. Akwai kuma cika shafi da sunaye don nuna an yi karatu. Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne a warware tambayar sanin kai da jimla ɗaya a babin ƙarshe, jaruma ta tsaya ta sanar cewa yanzu ta san ko ita wace ce. Odifus ya samu amsar tasa cikakkiya, kuma ita ta hallaka shi.

12. Akwai matsalar haƙƙin mallaka?

Homer, Sophocles da Ovid ba mallakin kowa ba ne, kowa na iya ɗiba. Amma fassarar zamani mallakin mai fassara ce, haka abin da marubucin zamani ya ƙaro da kansa. Kana iya rubuta labarin Fenelofi, ba ka da ikon kwashe zubin Atwood ko jimlolinta. A Najeriya da ƙasashe da yawa kariyar rubutun adabi tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wannan wani dalili ne na komawa tushe (amsa ta 10) maimakon gina labari a kan fim ko littafin da ya yi tashe.

13. Ana iya yin irin wannan da namu labaran?

Aron labari daga nesa ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. A ƙarshen shekarun 1930 Abubakar Imam ya zuba labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya cikin Magana Jari Ce, ya zaunar da su har ba a jin baƙuncinsu. Sai dai wannan dasawa ce. Sabuntawar da ake magana a nan tana ƙara tuhumar labarin da aka gada. A Nijar, Abdoulaye Mamani ya ɗauki Sarauniyar Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Faransa a 1899, daga bakin mutane ya mai da ita ƙagaggen labari a 1980.

Tarihihin Bayajida yana da duk kayan aikin da aka lissafa a amsa ta 4 da ta 10. Ga baƙon da ya baro garinsu, ya bi ta Borno, ya bar mace da ciki a hanya. Ga maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa. Ga rijiyar Kusugu da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ga shaidar ganewa, don da gari ya waye masu da'awar kisan sun yi yawa, sai wanda ya fito da kan macijin. Giɓin ma a bayyane yake: tsohuwa Ayana da ta sauke shi, Daurama da sarautar mata ta ƙare a kanta, da Bagwariya, kuyangar da ta haifi Karɓagari, wadda zuriyarta aka laƙaba wa Banza Bakwai. Sunayen 'ya'yan biyu kansu, Karɓagari da Bawo ɗan Daurama, gardamar kishiyoyi ce kan wa ke da gari.

Bambancin da za a kiyaye shi ne, babu mai jingina asalinsa ga Odifus a yau, amma Daura tana nan da fadarta da rijiyarta, kuma al'ummomin da aka sa a jerin Banza Bakwai suna da nasu tarihin da bai yarda da wannan laƙabi ba. Mai rubutu ya tattara ƙauli fiye da ɗaya, na fada da na wajen fada, ya bayyana a farkon littafi cewa ƙagaggen labari ne, ya kuma yanke tun da wuri ko da sunayen gaskiya zai yi aiki ko zai ƙirƙiri gari da sarauta yadda Rotimi ya yi da Kutuje.